Ranar Uwa da Al'adun Bazara: Yadda Ake Shirya Su Tare da Yara

A ƙasashen da sanyi ke kai wa ga zubar ƙanƙara, shigowar bazara ba ƙaramin abu ba ne. Itatuwan da suka yi watanni babu ganye sukan fara toho, ciyawa ta leƙo, tsuntsayen da suka yi ƙaura su dawo, yini ya soma ɗara dare. A arewacin duniya hakan na faruwa ne daga Maris zuwa Mayu, a kudancinta kuma daga Satumba zuwa Nuwamba. Ƙasashe da dama sun sa ranar girmama uwa a cikin waɗannan watanni, ga kuma tsofaffin al'adun tarbar bazara waɗanda ko ɗan shekara uku zai iya sa hannu a ciki. Idan aka haɗa biyun, sai a sami bikin da ba ya cin kuɗi, wanda yara ke ginawa da hannunsu a hankali.

Wannan jagora ta babban da zai ja ragamar shirin ce, ko uba ne, ko kaka, ko goggo, ko babbar yaya. Sharaɗi ɗaya ne kan gaba: kada aikin ya koma kan uwar. An sha yin biki da sunanta, a watse a bar mata tulin wanke-wanke da tabon fenti a kan tebur. In dai haka za a yi, gara a ƙyale ta ta yi barcinta.

Mataki na farko: ku tsayar da rana, sannan ku ƙirga baya

Ranar uwa ba ɗaya ba ce a duniya. A Masar ranar 21 ga Maris ce, daidai farkon bazara. Ɗan jarida Mustafa Amin ne ya yi ta kiraye-kiraye a kai har aka fara yi a 1956, daga nan ƙasashen Larabawa da dama suka ɗauka. Birtaniya da Ireland suna yi ranar Lahadi ta huɗu a azumin Kiristoci na Lent, wato mako uku kafin Ista, shi ya sa tasu ke motsawa kowace shekara. Amurka, Kanada, Jamus da Japan suna yi Lahadi ta biyu a watan Mayu, Sifaniya da Fotugal Lahadin farko, Meziko 10 ga wata, Poland kuma 26 ga wata. Ajantina ta sa tata a Lahadi ta uku ta Oktoba, lokacin da take cikin tata bazarar.

Ku ɗauki wadda ake yi a inda kuke. Akwai gidajen da ba sa ware wa uwa rana guda, saboda addini ko don dai ra'ayi. Ba komai, duk ayyukan da ke tafe za su yiwu a kowane ƙarshen mako da iyali suka sami sarari.

Da zarar rana ta tsayu, ku zauna da yaran ku ƙirga baya a kan kalanda. Fure yana bukatar mako uku kafin ya bushe, tsiron alkama mako biyu, wasiƙa da zare mako guda, ƙwai kuwa sai jajiberi. Ba dole ne a yi duka ba. Gidan da yaransa ƙanana ne, abu biyu sun isa, kuma in ni za a tambaya, tsiron alkama da wasiƙa zan zaɓa. A wannan zaman ne kuma za a yanke ko shirin sirri ne. Ɗan shekara huɗu ba ya riƙe sirri, kafin yamma ya kai labari. Maimakon ku ɗora masa abin da ba zai iya ba, ku sanar da uwar cewa akwai abin da ake shirya mata, ta kau da ido daga taga kaza da littafi kaza.

Mataki na biyu, saura mako uku: tsinkar fure da matse shi

A da, a Ingila, yara da 'yan mata masu aikatau a gidajen masu hali sukan sami hutu a wannan Lahadi su je gida, a kan hanya su tsinki furannin daji su kai wa iyayensu mata. Kyautar ke nan, ba kanti ba kuɗi. Abin da za ku yi shi ne irin wannan, sai dai za a busar da furen don ya daɗe.

Ku fita da hantsi, bayan raɓa ta kau, domin fure mai laima ruɓewa yake yi a cikin takarda. A nemi ƙanana masu faɗi, marasa kauri, tare da 'yan ganyaye masu kyan siffa. Fure mai tudu kamar wardi ba ya matsuwa da kyau, sai dai a cire fatunsa ɗai-ɗai a jera. A wuraren shaƙatawa da yawa an hana tsinka, don haka ku tsaya ga lambun gida, ko wanda ya faɗo ƙasa, ko inda aka ba ku izini. A koya wa yaro ya ɗebi kaɗan ya bar saura, kuma kada ya tumɓuke da saiwa.

Wasu daga cikin fitattun furannin bazara guba ne idan aka ci. Dafodil da tulif suna ciki, musamman albasarsu da ke ƙasa, haka ma ɗan farin furen nan mai kama da jerin ƙararrawa da Faransawa ke ba juna ranar 1 ga Mayu. Furen lili kuwa yana kashe kyanwa, domin yana lalata mata ƙoda. Doka ɗaya ce ga yara: ba a kai komai baki, kuma a wanke hannu da an dawo.

A gida, a shimfiɗa farar takarda, a jera furannin kada su taɓa juna, a rufe da wata takardar, a sa a tsakiyar babban littafi, a ɗora masa wasu littattafan ko wani abu mai nauyi. Bayan kwana uku ko huɗu a canja takardun, domin sun sha ruwa. Daga nan sai a bari mako biyu zuwa uku. Yara za su so buɗewa kullum, buɗewar kuma ita ke yaga furen tun bai yi ƙwari ba. Ku ware rana ɗaya a mako ta zama ranar leƙe, kowa ya jira ta.

Mataki na uku, saura mako biyu: tsiron alkama a faranti

Wannan shi ne ƙashin bayan shirin gaba ɗaya, don haka zan ɗan tsawaita.

Al'adar ta fito ne daga Nauruz, sabuwar shekarar da ake yi a Iran, Afghanistan, Azarbaijan, Tajikistan da yankunan Kurdawa, ranar 20 ko 21 ga Maris, lokacin da dare da yini ke daidaita. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da 21 ga Maris a matsayin ranar Nauruz ta duniya a 2010. A gidajen Iraniyawa akan jera abubuwa bakwai a kan shimfiɗa, ɗaya daga ciki shi ne sabze, wato faranti cike da koren tsiron alkama, ko sha'ir, ko adas (wani ɗan ƙaramin wake mai faɗi).

Kayan aikin kaɗan ne: kofi ɗaya na ƙwayar alkama wadda ba a surfa ba, kwano, faranti mai ɗan zurfi, ƙyallen auduga mai tsabta, da 'yar gorar fesa ruwa. Babu ƙasa, babu taki. In adas za a yi amfani da shi, a nemi cikakke mai ɓawonsa, domin wanda aka ɓare biyu ba ya tsira. A guji irin shuka da aka yi wa magani, wanda galibi za a ga an rina shi ja ko kore. Maganin ƙwari ne a jikinsa, ba na hannun yara ba ne.

Kwana biyun farko jiƙo ne. A wanke alkamar, a zuba ruwa ya sha kanta, a riƙa canja ruwan safe da yamma don kada ya yi tsami. A rana ta uku a tsiyaye, a juye ta a jiƙaƙƙen ƙyalle, a naɗe, a mayar cikin kwanon, a ajiye inda ba rana ba kuma sanyi sosai. Ƙyallen ya zauna da laima, amma kada ruwa ya kwanta a ƙasan kwanon. Cikin kwana biyu ko uku za a ga wani ɗan farin abu ya leƙo a bakin kowace ƙwaya. Ranar da yara suka fara ganin wannan, za ku ji ihu.

Sai a baza ta a faranti, kaurinta kamar kaurin yatsa, a ɗan danna da tafin hannu ta daidaita, a lulluɓe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a riƙa fesa ruwa sau biyu a rana. Idan tsiron ya kai santimita biyu ya fara ɗaga ƙyallen, a yaye, a kai farantin kusa da taga inda haske ke shiga amma rana ba ta duka kai tsaye. A lokacin saiwoyi sun sarƙe sun zama dunƙule ɗaya. Daga nan ba fesawa kaɗai ba, a zuba ɗan ruwa ta gefe, a bari minti kaɗan, a karkata farantin ragowar ta tsiyaye. Zuwa kwana 12 ko 14 za a sami kore shar mai tsawon kusan santimita goma. A zagaye gindinsa da kirtani mai launi ya rufe saiwoyin.

Abin da ya fi kashe wannan aiki shi ne yawan ruwa, kuma yara ne ke jawo shi, don kowa so yake ya shayar. Ku raba aiki: ƙarami ya yi fesan safe, babba ya yi na yamma da tsiyayewa, a riƙa sa alama a kalanda. Idan kun ga farin gashi-gashi a jikin saiwa kada ku firgita, yawanci gashin saiwa ne da take shan ruwa da shi. A fesa masa ruwa: gashin saiwa zai kwanta ya ɓace, kuma ba ya wari. Fumfuna kuwa ba ta ɓacewa, takan yi toka-toka ko shuɗi-shuɗi, ga warin ruɓa. In ita ce, a cire wurin da ta kama da kewayensa, a rage ruwa, a kai farantin inda iska ke ratsawa. Dabara mai sauƙi ita ce a yi faranti biyu, kwana biyu tsakani. In ɗaya ya lalace ba a tashi a tutar babu ba.

Yara za su lura tsiron yana karkata wajen taga. Dalili shi ne wani sinadarin girma da ke jikin shuka yakan taru a ɓangaren da ke inuwa, sai ɓangaren ya fi saurin tsawo, tsiron ya lanƙwasa wajen haske. A riƙa juya farantin kullum zai miƙe. Sannan akwai tambayar da kusan kowane yaro kan yi: me yake ci, tunda babu ƙasa? Kowace ƙwaya tana ɗauke da guzurinta, garin da muke niƙawa mu ci shi ne abincin ɗan tsiron, kuma uwar shukar ce ta tara masa shi tun kafin ya san zai fito. Guzurin kan kai mako biyu zuwa uku, shi ya sa bayan nan ganyen ke fara rawaya. Ku faɗi wannan sau ɗaya ku yi shiru. Ba sai kun ɗora wa'azi a kai ba. Yaron da ya yi mako biyu yana tashi da safe don shayar da abin da ba ya cewa na gode, ya riga ya ɗanɗana wani yanki na aikin uwarsa.

Mataki na huɗu, saura mako guda: zare ja da fari

A Bulgeriya ranar 1 ga Maris ake ba juna martenitsa, wato murɗaɗɗen zare ja da fari da ake ɗaurawa a hannu ko a maƙala a riga. Romaniya da Moldoba suna da irinsa, kuma hukumar UNESCO ta sa al'adar cikin jerin al'adun gado na duniya a 2017. Mutum ba ya yi wa kansa, ba shi ake yi. Yana sanye da shi har ranar da ya fara ganin shamuwa, ko tsattsewa, ko itace mai fure, sai ya cire ya ɗaura a reshe. Ga masu al'adar, zaren na ɗauke da fatan lafiya. Wanda wannan ɓangaren bai kwanta masa ba zai iya ɗaukarsa ado kawai, amfaninsa ga yara dai shi ne yana sa su ɗaga kai su duba sama da itatuwa.

Yinsa minti biyar ne. A yanko zaren ulu ja da fari, kowanne santimita 60, a ƙulle su tare a baki ɗaya, a maƙala ƙullin a hannun ƙofa. Yaro ya riƙe ɗaya bakin ya yi ta murzawa ta gefe guda har zaren ya yi tauri. Babba ya kama tsakiya, a haɗa bakin biyu, a saki tsakiyar, zai nannaɗe kansa da kansa. A ƙulle. Ba a sa wa jariri, ba a kuma rataya wa ƙaramin yaro a wuya.

Mataki na biyar: wasiƙa

Ranar uwa ta watan Mayu wata mata ce mai suna Anna Jarvis ta assasa ta. Mahaifiyarta ta rasu a Mayun 1905, ita kuma ta shirya taron tunawa da ita a wani coci a garin Grafton na jihar West Virginia ta Amurka ranar 10 ga Mayu, 1908, ta aika da fararen furannin kaneshan 500, domin shi ne furen da marigayiyar ta fi so. A 1914 shugaba Woodrow Wilson ya sa hannu ranar ta zama ta ƙasa baki ɗaya. Ba a jima ba 'yan kasuwar fure da kati da alewa suka mamaye ta, Anna ta koma tana yaƙi da abin da ta kafa da hannunta, ta ƙarar da dukiyarta a kai, ta rasu a 1948 ba ta da komai. Babban abin da ya ɓata mata rai shi ne katin da aka buga a inji, mutum ya saya ya sa hannu kawai. Abin da ta nema tun farko shi ne ɗa ya je ya ga uwarsa, ko ya zauna ya rubuta mata da hannunsa.

Ina ganin tana da gaskiya, kuma ga yadda za a bi. Yaron da bai iya rubutu ba, ku zauna da shi ku yi masa tambayoyi: me Mama ta fi iyawa? Me take cewa kullum? Yaushe take dariya? Shekarunta nawa? In za ka ba ta komai a duniya, me za ka ba ta? Ku rubuta amsar yadda ta fito daga bakinsa, kada ku gyara ko harafi. In ya ce shekararta ɗari, ko ya ce abin da ta fi iyawa shi ne faɗa, haka za a rubuta. Wannan ce takardar da za a ciro bayan shekara ashirin a yi ta dariya.

Wanda ya iya rubutu, matsalarsa daban ce: zai rubuta abin da ya ji ana faɗa, cewa ita ce uwa mafi kyau a duniya, ya sa aya ya miƙe. Ku ce masa ya tuno rana guda. Daren da ya yi zazzaɓi ta kwana zaune, ko ranar da ya ɓatar da abu mai tsada ta rufa masa asiri. Ya faɗi abin da ya faru, da abin da ya ji a ransa. Layi biyar na irin wannan sun fi shafi guda na yabo. Kada ku tsaya a kansa, kada ku gyara masa kuskuren rubutu. Matashin da ke jin nauyin rubuta irin wannan, a ba shi wani aikin: ya ɗauki waya ya yi hira da uwar, ko da kaka, kan yarintarsu, wane wasa suke yi, me suke tsoro, wa ya koya musu abin da suka iya. Murya abu ce da ba a cika tunanin adanawa ba sai ta wuce.

Yanzu sai a ciro furannin da aka matse. Sun zama kamar takarda, saurin karyewa gare su, don haka a ɗaga su da bakin wuƙar da ba ta da kaifi. A naɗe kwali mai ɗan kauri biyu, a jera furannin a fuskarsa tukuna a ga yadda suka zauna, sannan a ɗiga gam da tsinke, ɗigo kaɗan a bayan kowanne. Gam mai yawa yana ɓata launi. Wasiƙar ta shiga ciki. A baya a rubuta shekara da shekarun yaron.

Mataki na shida, jajiberi: rinin ƙwai da shara

Rina ƙwai tsohuwar al'adar bazara ce a wurare da yawa. Iraniyawa na yi a Nauruz, Girkawa na rina nasu ja wur a Ista, Misirawa kuma, Musulminsu da Kiristansu, suna yi a Shammun Nasim, Litinin ɗin da ke bin Istar Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, ranar da ake fita lambuna da bakin Nilu a yini.

Ba sai an sayi rini ba. A sa ɓawon albasa cike da tafi biyu a kofi biyu na ruwa, a tafasa minti 20 zuwa 30, a tace: wannan zai ba da ruwan goro. Cokali biyu na kurkum a ruwa daidai wannan zai ba da rawaya, amma a sa wa yara tsofaffin riguna don tabonsa ba ya fita da sauƙi. Mai ban mamaki shi ne jan kabeji: ruwansa shunayya ne, amma ƙwan shuɗi yake fitowa, domin launin kabejin yana canjawa idan ya haɗu da allin da ke ɓawon ƙwai. Kowane kofi na rini a zuba masa babban cokali ɗaya na ruwan khal. Tsaminsa ne ke ɗan cin fuskar ɓawon har rinin ya kama, in ya yi yawa kuma ɓawon ya yi laushi ya riƙa saɓulewa.

Tafasa da tacewa aikin babba ne. A dafa ƙwan minti 10 zuwa 12, mai farin ɓawo ya fi nuna launi. Idan rinin ya huce, yara su tsoma da cokali. Na albasa da kurkum sukan kama cikin sa'a guda, na kabeji sai ya kwana a firji. Mai son zane, ya jiƙa ɗan ƙaramin ganye ya manna a jikin ƙwan, ya naɗe da ƙyalle shara-shara ya ɗaure tam kafin ya tsoma. Idan aka kwance, siffar ganyen za ta fito fara a tsakiyar launi. A goga ɗan mai ya yi sheƙi. Dafaffen ƙwan da za a ci kada ya wuce sa'a biyu a waje, a firji kuma yakan kai mako guda. Yaron da ƙwai ba ya karɓarsa, a ba shi duwatsu masu santsi ya yi musu fenti.

Kafin Nauruz akan yi wa gida babbar shara, a wanke labule, a goge tagogi. Ku ɗauki wannan daidai ƙarfinku: yara su kintsa ɗakinsu, su goge tebur, su tattara kayan wasa. Kada dai a taɓa kayan uwar da sunan gyara, in ba haka ba za ta yi mako tana neman abubuwanta.

Mataki na bakwai: ranar kanta

Tun kwanaki kafin nan, ku tambaye ta abin da take so, kuma ku yarda da amsar. Wata fita take so, wata so take a zo da mahaifiyarta, wata kuwa ba ta da burin da ya wuce sa'a uku ita kaɗai babu mai kiran sunanta. Wannan ta ƙarshen ba rashin son yara ba ne, gajiya ce.

A bar ta ta tashi don kanta. Karin kumallo ya zama abin da ita take so, ba abin da yara ke so ba. A jera farantin tsiron a tsakiyar tebur, ƙwai a gefe, katuna a gabanta. Kowane yaro ya miƙa nasa, ya ce mata "Mama, ga shi, ni na yi." Wanda ya ji kunyar karantawa a ƙyale shi, za ta karanta daga baya. Kada a ja abin ya wuce minti goma sha biyar, ƙananan yara ba su da juriyar dogon taro.

In yanayi ya yi kyau a fita. Japanawa suna da hanami, zama ƙarƙashin itatuwan ceri a ci abinci ana kallon fure, al'adar da ta kai har birnin Washington bayan Tokyo ta aika da itatuwa kusan 3,000 a 1912. Ba sai ceri ba, kowane itace mai fure ya wadatar. A tafi da shimfiɗa mai kauri, domin ƙasar bazara na riƙe sanyi da laima ko da rana ta fito, da rigunan sanyi, da maganin duk wanda ƙurar fure ke sa shi atishawa. A nuna wa yara cewa zuman da ke kan fure aikinta take yi, in ba a kai mata hannu ba ba ruwanta da kowa. Kuma wani ya karɓi wayar ya yi hoto da uwar a ciki. A gidaje da yawa ita ce mai ɗauka, shi ya sa ba a ganinta a hotunan.

Da aka dawo, wanke-wanke, wankan yara da kwantar da su duk na mai shirin ne, har zuwa kashe fitila.

Idan gidan ba haka yake ba

Uwar da ke riƙe da yara ita kaɗai za ta iya yin fure da tsiro da ƙwai tare da su, ta ɗauke shi lokacin zama da 'ya'yanta. Wasiƙar ce kawai ke bukatar wani, sai ta roƙi ƙawa ko 'yar'uwa ta zauna da yaran rabin sa'a.

Yaron da mahaifiyarsa ta rasu, wannan lokaci yana yi masa nauyi, musamman idan a makaranta kowa na yin kati. Kada a yi kamar ba a san da ranar ba, kada kuma a tilasta masa. A tambaye shi: yana so ya rubuta mata, ko a duba hotunanta, ko a yi mata addu'a, ko a bar maganar bana? A Amurka an daɗe ana sa farin kaneshan don uwar da ta rasu, ja kuma don wadda ke raye, kuma ranar ma asalinta marainiya ce ta kafa ta. Inda kaka ce ke riƙo, ko matar uba, ko goggo, a bar yaron ya zaɓi wadda zai yi wa kati, ko ya yi biyu, ba tare da an sa shi ya auna wacce ta fi ba. A kuma tuna da macen da ta rasa ɗa ko ciki. Ita ma uwa ce, kuma sau da yawa babu mai gaishe ta a ranar.

Bayan biki

Iraniyawa kan riƙe sabze har rana ta goma sha uku ta sabuwar shekara, ranar da kowa ke fita daji ya yini, sannan a jefa shi a ruwa mai gudu. In ba ku kusa da rafi, ko dokar wurin ta hana, a kwance kirtanin a binne tsiron a gindin wata shuka ya zama taki. Katunan su shiga akwati guda, a ajiye inda babu laima babu rana, domin haske na kashe launin busasshen fure.

A ƙarshe a sayi ƙaramin littafi na alamomin bazara. Yara su riƙa rubuta ranar da suka ga furen farko, da tsattsewar farko, da ranar da itacen bakin ƙofa ya yi toho. A Kyoto akwai bayanan ranar buɗewar furen ceri tun ƙarni na 9, waɗanda aka tattaro daga littattafan fada da na mutanen gari, kuma da su masana ke nuna cewa yanzu furen na rigan lokacinsa na da saboda ɗumamar yanayi. Naku littafin layi uku kawai yake bukata a kowane shafi: kwanan wata, abin da aka gani, da sunan wanda ya fara gani. A bar wa kowace shekara shafi biyu, kuma a riƙa duba itace ɗaya tak kowace shekara, don a iya kwatanta bana da bara.